Yadda zaka koyar da Littafi Mai Tsarki ya ratsa zuciyar mutane ba tare da ka matsa musu kuka ba

Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji, musamman malaman makarantar Lahadi, iyayenmu na Zumuntar Mata, masu jan binciken Littafi na tsakiyar sati, da masu bishara dake ƙauyukan Zuru, Ribah, Mahuta, Dirin Daji har zuwa Yauri. Malamai iri biyu ne suka fi yawa a majami'unmu. Akwai wanda muryarsa ɗaya ce ko sanarwa yake karantawa ko labarin gicciye, gaskiya yake faɗa babu kuskure ko ɗaya amma kafin ya kai aya ta biyar rabin aji sun fara gyangyaɗi. Akwai kuma wanda in bai ga hawaye ba gani yake Ruhu bai sauko ba, sai yaita ihu a makirfo yana maimaita magana ɗaya har sai wata mama ta fashe da kuka sannan hankalinsa ya kwanta. Ni dai a ganina dukansu biyu abu ɗaya suka rasa, basu tsaya sun duba abin da nassin kansa yake ɗauke dashi ba, na farko ya tsame shi ya zubar, na biyu kuma ya kawo nashi daga gida ya ɗora akai. Kuka da fushi da tsoro da murna duk suna nan cikin Littafin tun kafin mu zo, aikin malami shine ya nemo su inda suke ya bar su suyi aikinsu, sannan ya nuna ma mutane inda zasu kai abin da suka ji. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko, kuma shine yafi cin lokaci, ka buɗe nassin tun Litinin ko Talata, ba daren Asabar ba. Ka samu biro da takarda ka karanta sau uku, karatu na farko don ka san labarin kawai, na biyu ka rubuta sunan duk wanda ya fito a ciki, na uku kuma a gaban kowane suna ka rubuta me yake ji a ransa da kuma ayar da ta nuna maka haka. Wannan na ƙarshen kada ka tsallake shi, in babu aya ko wani aiki da mutumin yayi da zai nuna, to zato ne kake yi, kuma zato ba'a hawa mumbari dashi.

Bari mu gwada da Yahaya 11, masu tsohon juyi na 1932 su ce Yohanna. Li'azaru bashi da lafiya a Betanya, 'yan'uwansa mata sun aika ma Yesu, aya 5 ta ce yana ƙaunarsu, aya 6 kuma ta ce ya ƙara kwana biyu a inda yake. Tun daga nan ma akwai abin da zai dami duk wanda ya taɓa addu'a ya jira shiru. Toma a aya 16 yana cewa mu tafi mu mutu tare dashi, ka rubuta a gabansa: tsoro ne haɗe da aminci, ya riga ya fidda rai amma bazai bar Malaminsa ba. Marta ta fita tarye, Maryamu ta zauna a gida. To ka lura da abin da mutane da yawa basa lura dashi, magana ɗaya tak su biyun suka faɗa ma Yesu, aya 21 da aya 32, wato da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Amma Marta ya amsa mata da koyarwa akan tashin matattu da rai, Maryamu kuwa da ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka bai yi mata wa'azi ba, ya tambayi inda aka sa shi, sai aya 35 ta ce yayi hawaye. Kuma ya san cikin ɗan lokaci kaɗan zai kira Li'azaru ya fito. Har masu kallo ma sun rabu biyu, wasu na cewa dubi yadda yake ƙaunarsa, wasu na gunaguni wai wanda ya buɗe idon makaho ya kasa hana wannan mutuwa? Kaga takardarka ta cika kenan tun baka buɗe littafin sharhi ko ɗaya ba, kuma darasinka ya riga ya fito da kansa: a gidan makoki ɗaya wani amsa yake buƙata wani kuma wanda zai yi kuka tare dashi, Yesu ya san bambancin.

Sai ka tambayi kanka a cikin duk waɗannan wanne ne babba, wanda marubucin yafi ba fili. Shi zaka bi. Kada ka ɗauko Filibiyawa 4 mai cewa ayi farin ciki kullum ka koyar dashi fuska a murtuke, kada kuma ka ɗauko Makoki, littafin da aka rubuta akan rushewar Urushalima a hannun Babila wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, ka mai dashi darasin sirrin samun nasara.

Na biyu gajere ne amma babu mai yi maka. Ka zauna da nassin kai kaɗai ka mai dashi addu'a, in akwai wani ɗan'uwa da ka binne ko wata addu'a da har yau baka ga amsarta ba ka kawo ta gaban Allah a nan. Mutane suna gane malamin da nassin ya bi ta kansa tukuna, ko da bai zubar da hawaye a gabansu ba. Bulus ya gaya ma dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:31 cewa shekara uku yayi yana gargaɗinsu dare da rana da hawaye, ba dabarar wa'azi bace, abin ne ya dame shi.

Na uku, ka san waɗanda zasu zauna a gabanka. Mu nan ƙasar Zuru da Yauri ba sai an gaya mana ba, shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Danko-Wasagu da Sakaba, kowa na tune da ɗaliban da aka kwashe a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni 2021, 'yan'uwanmu dake Zamfara ma nasu ya ishe su. Don haka a aji ɗaya zaka iya samun gwauruwar da aka kashe mijinta a gona, da magidancin da ya sayar da shanu da hatsi ya biya kuɗin fansa, da yarinyar da ta dawo daga daji bata son a tambaye ta komai, da kuma amarya da ango da ko wata biyu basu yi ba. Ka ɗauki takardar nan taka ka rubuta a bayanta mutum uku ko huɗu da ka san zasu zo, ba don ka kira sunansu ba, don ka ji yadda kowace jimla zata sauka a kunnensu. Maganar da zata ba ango dariya tana iya zama wuƙa ga gwauruwar nan.

Anan ne maganar maza take shigowa, kuma zan ɗan daɗe akai. An raine mu da cewa namiji baya kuka, ƙasarmu ƙasar sojoji ce, kusan kowace ikilisiya akwai tsohon soja a layin dattawa, jimiri abin alfahari ne a wurinmu kuma ba laifi bane. Amma in ka koyar kamar motsin zuciya na mata ne da yara, mazan zasu naɗe hannu a ƙirji su jira ka gama. Maganin shine ka kawo musu mazan da Littafi ya nuna. Yakubu da yayi ma surukinsa bauta shekara bakwai don Rahila, mu da muka san golmo, wato noman da saurayi yake yi ma iyayen yarinyar da zai aura, ba sai anyi mana dogon bayani ba, to shi wannan Yakubun a Farawa 29:11 ranar da ya fara ganinta ɗaga murya yayi yai kuka. Yusufu yana mulkin Masar amma a Farawa 45 yayi kuka da ƙarfi har Masarawa suka ji daga waje. Wanda yafi duka dacewa da halin da muke ciki shine 1 Sama'ila 30, Dawuda da mayaƙansa sun dawo Ziklag suka tarar Amalekawa sun ƙone garin sun kwashe mata da yara, aya 4 ta ce sunyi kuka har ƙarfin kuka ya ƙare musu, mazajen yaƙi ɗari shida fa. Daga kuka suka koma fushi har suna maganar jifan Dawuda, sannan ne aka ce ya ƙarfafa kansa cikin Ubangiji Allahnsa. Ka karanta wannan a zumuntar maza ka ɗan yi shiru, zaka ga yadda ɗakin yake canzawa. Sai dai hattara, Dawuda ya dawo da kowa da komai, aya 18 da 19, amma kada kayi ma mutane alkawarin da nassin bai yi musu ba, akwai wanda yake zaune a gabanka nashi basu dawo ba.

Na huɗu shine karatu a fili, abin da muka fi rainawa. Sau da yawa sai a miƙa ma wani yaro Littafi nan take a ce karanta mana, yana tuntuɓe a kan sunaye ana dariya, nassin ya mutu tun kafin malami ya buɗe baki. Ka zaɓi mai karatu tun Laraba ko Alhamis, ku zauna tare ku sa alama da fensir inda zai rage sauri da inda zai tsaya. A Yahaya 11 bayan aya 35 ya tsaya ya ja numfashi biyu kafin ya ci gaba, ba sai ya canza murya ko yayi rawar murya ba. In nassin na masu magana da yawa ne ka raba, wannan Marta wannan Maryamu wannan mai ba da labari. In kuma akwai tsofaffin da Hausa bata zauna musu sosai ba a samu mai juyawa da C'Lela ko yaren da ake ji a wurin, shima a bashi nassin da wuri. Nehemiya 8 ne hujjata a nan, Ezra ya karanta Shari'a tun da safe har tsakar rana, Lawiyawa suna bi suna fayyace ma'ana don mutane su gane, sai jama'a suka fara kuka. Babu ganga babu kiɗa, ganewa ce ta kawo kukan. Kuma da Nehemiya ya ce su daina kuka su je su ci mai maiƙo su sha mai zaƙi su aika ma wanda bashi da komai, aya 12 ta ce sunyi murna ƙwarai domin sun fahimci maganar da aka faɗa musu. Kuka da murnar duka daga fahimta suka fito.

Na biyar, in labari ne kada ka fara da darasin. Mu malamai muna da ɗabi'ar cewa yau zamu koyi cewa zunubi baya ɓoyuwa, shikenan ka kashe labarin, kowa ya san inda zaka. Dubi yadda annabi Natan yayi da Dawuda a 2 Sama'ila 12. Bai shigo yana cewa sarki kayi zina ka kashe Uriya ba. Labari ya bashi na mai arziki da garkuna da talakan da bashi da komai sai 'yar tunkiya ɗaya da yake ci da ita yake sha da ita kamar 'yarsa, baƙo ya zo ma mai arzikin sai ya ƙwace ta talakan ya yanka. Dawuda ya hasala ya ce mutumin nan ya cancanci mutuwa kuma sai ya biya ninki huɗu, sai a lokacin Natan ya ce kai ne mutumin. Fushin Dawuda ne da kansa ya kama shi, kuma daga nan Zabura 51 ta fito. To kaima ka ba da labarin a jere, ka tsaya daidai inda abu ya ɗaure kayi tambaya. Tambayar ma akwai yadda ake yinta a wurinmu, in ka ce Mama yaya kike ji a ranki, kunya bazata bari ta amsa ba a gaban surukanta da 'ya'yanta. Amma in ka ce Mama, a ganinki me yasa Maryamu ta zauna a gida bata fita tarye ba, zata baka amsa mai zurfi, kuma kowa ya san ba Maryamu kaɗai take nufi ba. Ka bar mutane su ɓuya a bayan mutanen cikin labarin, sutura ce. Bayan kayi tambaya kuma ka iya jira, ka ƙirga har goma a ranka kafin ka ƙara magana, yawancinmu shirun ne yake bamu tsoro sai mu amsa ma kanmu.

Na shida, kada ka tsallake baƙin ciki da gudu don ka isa wurin Halleluya. Wannan shine ciwon da yafi damun koyarwarmu. Mutum bai gama faɗin abin da ya same shi ba mun riga mun jefa masa Romawa 8:28, mai cewa komai yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ayar gaskiya ce, lokacin ne ba nata ba. Karin Magana 25:20 ta ce mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar wanda ya tuɓe ma mutum riga ne ranar sanyi. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna dashi a ƙasa babu wanda ya ce uffan, matsalar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman laifin da yayi, har a sura 42 Allah ya ce yayi fushi da Elifaz da abokansa biyu. A cikin Zabura 150 kusan kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara gaban Allah, amma ka duba waƙoƙin da muke rerawa ranar Lahadi ka gani ko nawa ne irin wannan.

Ga wani abu da zaka iya yi a ajin manya ko Zumuntar Mata, minti arba'in ya isa. Ku buɗe Zabura 13, aya shida ce kacal. Ka nuna musu kashi uku, aya 1 da 2 tambaya ce, har yaushe har yaushe sau huɗu, aya 3 da 4 roƙo ne, aya 5 da 6 dogara ce. Sai ka ce kowa ya yi tashi zaburar da wannan tsari, mai iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ba ya faɗa a ransa ko ya raɗa ma na kusa dashi, layi ɗaya na har yaushe ya Ubangiji, layi ɗaya na abin da yake roƙo takamaimai, layi ɗaya na abin da ya sani game da Allah da bai canza ba. Babu tilas a karanta a fili. In wani ya ce Malam ni layi na ukun nan ya ƙi fitowa, kada ka tsawata masa, ka buɗe masa Zabura 88 wadda ta ƙare a cikin duhu babu ko layi ɗaya na yabo a ƙarshe, kuma Allah ya bar ta a cikin Littafinsa. Ubangijinmu ma a kan gicciye farkon Zabura 22 ya ɗauko, ya Allahna don me ka yashe ni. 1 Tasalonikawa 4:13 bata ce kada muyi baƙin ciki ba, cewa tayi kada muyi irin na marasa bege.

Fushi ma zai fito, musamman wurin matasa, kuma gara ya fito a aji da ya fito a wani wuri. Wani zai tambaye ka Zabura 137 da ƙarshenta mai tsanani akan Babila. Kada ka ce ai wannan Tsohon Alkawari ne ka wuce. Ka nuna musu mai zaburar Allah ya kai ma ƙarar, bai ɗauki makami ba, sannan ku haɗa da Romawa 12:19 inda aka ce ramako na Ubangiji ne, da Afisawa 4:26 mai cewa in kun husata kada kuyi zunubi kada rana ta faɗi kuna kan fushi. Markus 3:5 ma ta ce Yesu ya dube su da fushi yana baƙin ciki da taurin zuciyarsu, amma abin da yayi da fushin shine ya warkar da mai shanyayyen hannu. Ka kuma kula sosai kada fushin da ake yi da masu ta'asa ya koma kan wata ƙabila ko maƙwabtanmu Musulmi, su ma suna binne nasu, kasuwa ɗaya muke ci.

Murna kada a manta da ita, don wasu da sun ji ana maganar zuciya sai su ɗauka kuka kawai ake nufi. Luka 15 sau uku ana kiran mutane a taya murna, tunkiya, kuɗin azurfa, ɗa. In ka zo aya 20 inda uban ya hango ɗan daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, ka tambayi dattawan ajin ko sun taɓa ganin dattijo mai mutunci yana gudu a bainar jama'a, amsarsu ta isa bayani. Ranar irin wannan darasin a bar mata su ɗauki ganga da kacau-kacau, ya dace.

Na bakwai abubuwan da ba'a yi ne. Kada ka sa mai kibod ya riƙa danna sauti mai ban tausayi a ƙarƙashin maganarka don ya jawo hawayen da nassin bai jawo ba. Kada ka ba da labarin mutuwar ɗan wani a ikilisiya ba da izininsa ba, ko da baka kira suna ba kowa ya gane. Kada ka ƙirƙiro shaida. Kada kuma ka kai mutane ƙololuwar kuka sai nan take a fito da kwanon baiko ko a fara alkawarin kuɗin gini, wannan ni a wurina ƙwace ne da sunan Allah, 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda yayi niyya a zuciyarsa ba da tilas ba. Yara kuma kada a riƙa tsorata su da wuta da aljanu, yaron da yake firgita da ƙarar mashin da dare baya buƙatar ƙarin abin tsoro daga malaminsa. A ajin yara zane ya isa, ka zana fuska huɗu a allo, mai dariya, mai kuka, mai tsoro, mai fushi, bayan labari ka ce su nuna wacce ce fuskar Yusufu a cikin rijiya, wacce ce ta almajirai a cikin jirgi da hadari ya taso. Ƙarfin murya ba shine alamar Ruhu ba, annabawan Ba'al a 1 Sarakuna 18 sunyi ta ihu tun safe har bayan tsakar rana suna tsaga jikinsu babu amsa, addu'ar Iliya kuwa aya biyu ce.

To in wani ya fashe da kuka a tsakiyar darasi fa? Kada ka nuna shi da yatsa ka ce kun gani Ruhu yana aiki, kada kuma ka ce yi haƙuri daina kuka. Ka rage murya ka ci gaba a hankali, ko ku rera baiti ɗaya daga Littafin Waƙoƙi don idanu su bar kansa. Tun kafin a fara ya kamata ka shirya da mace ɗaya mai hankali da dattijo ɗaya, mace ta matsa kusa da mace, namiji kusa da namiji, in ana so a fita waje a fita, a ba da ruwa. Kada a taru a kansa ana addu'a da ihu. In kuwa ka lura abin ya wuce na aji, mutum baya barci, baya cin abinci, yana firgita, ko yana maganar gara ya mutu, ka sanar da Baba Fasto a ranar kuma a taimaka a kai shi asibiti ya ga likita, wannan ba rashin bangaskiya bane. Iliya da ya roƙi mutuwa a jeji a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa da barci mala'ika ya fara bashi, har sau biyu, maganar ta zo daga baya a Horeb.

Mataki na ƙarshe shine inda ake gane ko anyi aiki. Hawaye kaɗai ba shaida bane, Markus 4:16 da 17 sun yi maganar masu karɓar Magana da murna nan da nan amma basu da saiwa. Bitrus ya fita yayi kuka mai zafi, Yahuza ma yayi nadama har ya mai da azurfa talatin, amma ɗaya ya koma wurin Ubangiji ɗaya ya rataye kansa, shine bambancin da Bulus yayi a 2 Korantiyawa 7 tsakanin baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da irin na duniya mai kai ga mutuwa. Agustin, bishof ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ba da labarin wa'azin da yayi a wani gari da mutanensa suke da al'adar rabuwa biyu kowace shekara suna jifan juna da duwatsu har ana kisa, 'yan'uwa da 'yan'uwa. Ya ce da suka yi masa tafi bai ɗauka yayi komai ba sai da ya ga suna kuka, amma hujjar da ya kawo a ƙarshe ita ce shekara takwas da wani abu sun wuce ba'a sake faɗan ba. A ranar Fentikos ma da maganar Bitrus ta soki zuciyar jama'a tambayar da suka yi ita ce 'yan'uwa me zamu yi, kuma Bitrus yana da amsa a shirye.

Kaima ka shirya taka amsar tun a gida, abu ɗaya tak, ƙarami, wanda za'a iya yi kafin Lahadi mai zuwa. In Yahaya 11 kuka yi, kowa ya zaɓi gida ɗaya da aka yi rashi watannin baya wanda masu gaisuwa sun daina zuwa, ya je ya zauna ko na rabin awa ne, ba wa'azi zai kai ba. In Natan da Dawuda ne, wanda ya riƙe haƙƙin wani, kuɗin ƙwadago ne ko iyakar gona, ya je ya gyara. In Nehemiya 8 ne a haɗa mudu-mudu na dawa ko masara a kai ma waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Ka bar minti biyar na ƙarshe don wannan, kada ka cinye lokacin da bayani har a kaɗa ƙararrawar sujada mutane su watse haka nan.

Da ka koma gida ka rubuta sunan waɗanda ka ga abin ya taɓa su, har da wanda bai yi kuka ba amma ya sunkuyar da kai tun daga tsakiyar darasi bai ɗago ba, sau da yawa shi yafi buƙatar a neme shi. Ka leƙa su kafin Laraba, in gidan mace ce ka tafi da matarka ko wata uwa daga Zumunta, kada ka je kai kaɗai, abin da aka gaya maka a can kuma kada ya fito a matsayin misali a darasin gaba ko a roƙon addu'a. Lahadi mai zuwa kafin ka buɗe sabon nassi ka fara da tambaya, wa ya samu zuwa gaisuwar nan, yaya kuka tarar dasu. In mutum biyu ko uku suka amsa ka basu fili su faɗa a taƙaice. In babu ko ɗaya to kada kayi faɗa, ka ajiye sabon darasin, ku raba gidajen a nan take wa zai je ina kuma da wa, sannan ku sake karanta Yahaya 11 daga aya 17.